Wuƙar da Kawu ya bari a Dala

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, yana zaune a kan buzunsa a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ya gama wasa aska ke nan, bai kai ga mayar da ita cikin zabira ba.

Ni ba malami ba ne. Aji uku na yi a elementare aka sallame ni, da ɗan abin da na tsira da shi nake zama a bakin gidan waya ina rubuta wa mutane wasiƙa. Shekara ashirin ina rubuta gaisuwar wasu da ƙaryar wasu. Yau tawa zan rubuta, kuma babu ƙarya a ciki, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

An taru, ba laifi. Unguwarmu Hausari ta cika, dillalan kasuwar shanu sun zo, Shuwa sun zo da rawunansu, maƙwabtanmu Barebari suna ta riƙe mini hannu suna cewa, "Kanadi, kanadi," wato haƙuri. Wani mahauci ya shafa ƙeyarsa ya ce, "Yanzu wa zai yi mana aski ba zafi?" Wannan mahaucin shekara biyar rabonsa da buzun Kawu, na sani, don yana cikin waɗanda suka ƙaurace masa. Wani tsoho a bayana ya rage murya, amma bai rage ta yadda ya kamata ba, ya ce, "Wanzami ne na gaske, sai dai da ya tsufa ya sallama wa Nasara sana'ar gidansu." Na juya na dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Innata, wadda ita ce ƙanwar mamacin, ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "Ya tafi da taurin kansa," sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba a sake ganinta ba sai la'asar.

Da aka fito da makara, liman ya tambaya ko akwai mai wani haƙƙi a kan mamacin. Sai muka ji murya daga can gefen katanga, nesa da maza, nesa da mata. Wata tsohuwa ce siririya, tsaye ita kaɗai, waɗanda ke kusa da ita sun ja baya suna toshe hanci. Ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci, "Ni ce mai haƙƙi. Ku gaya masa na yafe." Ta juya ta kama hanya. Mutane suka yi ta tambayar juna ko wace ce. Mu biyu kaɗai muka gane ta a wurin, ni da na taɓa ganinta, da matata da ta san labarinta. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Kawu wanzami ne, ɗan wanzami. Aski, ƙaho, cire beli, kaciya, tsagar gado, duk nasa ne. Warin sabulun salo da man shanu yake yi. Ba ya son a yi masa hira yana aiki. In ka fara ba shi labari sai ya danne maka kai ya ce, "Rufe baki, aska na wuyanka." Maganarsa ɗaya ce a kan komai, ko ƙurji aka kawo masa ko rigimar gado: "Bari in gani tukuna." Ni kuwa bai taɓa kirana da sunana ba tun da na fara zama a gidan waya. Malam Wasiƙa yake ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

Shekara tara muka yi da matata ba ko ɓari. Mun sha rubutu, mun sha saiwa, ta zauna a kan hayaƙin wata Bashuwa har cinyoyinta suka saɓule. Daga ƙarshe tsofaffin unguwa suka yanke hukunci cewa gishiri ne. Ga wanda bai sani ba, in an ce mace na da gishiri, ana nufin wani abu ya tsiro mata a gaba ya tare hanyar haihuwa, maganinsa kuwa wanzami ya zura wata doguwar wuƙa siririya ya tsaga ta ciki, jini ya zuba. Ba ya ganin inda yake yanka. Innata ta ce mini ko a yanka ko in sallame ta. Matata da kanta ta same ni ina karin kumallo ta ce, "Malam, ka kai ni wurin Baba. In na rayu in haihu, in na mutu in huta da bakin mutane."

Baba take kiran Kawu. Na je na jira har ya sallami masu aski, sannan na tsuguna.

"Kawu, na zo da magana."

"Kanka dai ya fi bakinka buƙatata. Faɗi."

Na faɗa. Ya ci gaba da goge aska a tafin hannunsa, ya ce, "Na daina wannan yankan."

"Tun yaushe?"

"Tun kana elementare kana cin bulala. Kai fa, an duba ka?"

Na ce, "Ni namiji ne."

"Na sani, ai ni na yi maka kaciya. Je ka kasuwar shanu ka tambayi dillalai ko kowane bijimi ne ke ba da maraƙi."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce masa tsufa ne ya sa hannunsa rawa, tsoro yake ji yana fakewa da tausayi. Na ce akwai wanzami a Konduga wanda bai manta aikin ubansa ba, can zan kai ta. Bai zage ni ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Matarka ce, ka kai ta. Amma ranar Litinin ka raka ni wani wuri tukuna. Ka shirya ƙafarka, jaki na da kaya."

Duk gari ya san ranar Litinin Kawu ba ya aski. Kowa na nufar kasuwa, shi yana nufar bayan gari da jakinsa, mun ɗauka masu ƙaho yake bi ƙauyuka. Ran nan na ga kayan: itace, gero, sabulu, da ƙunshin tsummoki wankakku. Muka yi tafiya har wani ƙauye da ake kira Dala, muka wuce gidaje, muka tsaya a wata bukka ita kaɗai a bakin gona. Kafin mu ƙarasa zarnin fitsari ya tare mu.

Tsohuwar nan da ta yi magana a jana'iza, ita ce zaune a kan tabarma tana yanka kuɓewa.

Kawu ya gaishe ta da Barbarci, "Wushe."

Ta ce, "Wanzam, ba ka mutu ba?"

"Tukuna."

"Wannan mai kunnen fa?"

"Ɗan ƙanwata ne. So yake in yi wa matarsa yankan gishiri."

Ta ajiye kuɓewar ta dube ni tun daga hula har takalmi. Sai ta miƙe tsaye, ta nuna mini inda ta tashi. Tabarmar jiƙe take sharkaf. Ta ce, "Dubi da kyau, yaro, kada ka kau da kai. Shekara huɗu na yi ba haihuwa, mijina ya kai ni wurin wannan. Lokacin hannunsa ba ya rawa, ƙato ne, kowa na yabonsa. Yanka ɗaya ya yi. Tun ranar fitsari bai tsaya mini ba. Kafin kaka mijin ya sake ni. Ba na shiga biki, ba na shiga suna, sallata ma ban san matsayinta ba. Ɗan da aka yanka ni dominsa kuwa, ka gan shi?"

Ta ɗaga wuƙar da take yanka kuɓewa da ita, doguwa, siririya, ƙotar ta sha hannu.

"Ka ga wuƙar. Shi ya kawo mini ita, ya durƙusa nan, ya ce in yi masa duk abin da na ga dama. Na dubi wuyansa, na dubi kuɓewa, na ga kuɓewa ta fi shi amfani."

Kawu ya sauke itace, ya jera mata a inuwa, ya ɗebo ruwa ya cika randa, ya kwashe tsummokin da suka ɓaci ya ƙulle. Da za mu tafi ya ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ban yafe ba tukuna."

Ya ce, "To, sai Litinin."

Yadda suka faɗe shi, na gane ba ranar suka fara ba. Daga baya na lissafa, ya fi shekara ashirin da biyar yana jin wannan amsa kowane mako.

Da na buɗe baki a hanyar dawowa, ba godiya na yi ba, don ni ba mutumin kirki ba ne sosai. Na ce, "To yanzu me zan yi? In zauna in tsufa ba mai ɗaukar mini buta?" Ya ce akwai wani ma'aikacin asibiti da yake yi wa aski, shi ya gaya masa an kawo sabon likita mai wata dabara ta mata, wai ba a yanka. Ya ce, "Ban yarda ba, ban ƙi ba. Bari in gani tukuna."

A shekarun nan, lokacin da jiragen sama suka fara sauka a bayan gari, asibiti wurin sojoji ne da 'yan doka da wanda aka fid da rai da shi. Macen aure ba ta zuwa. Da Innata ta ji, ta iso gidan Kawu ko mayafi ba ta gyara ba.

"Yaya, Nasara za ka kai wa surukata ya ga tsiraicinta?"

"Ni da kike so in yanka ta, ido rufe zan yi?"

"Kai ai wanzami ne!"

"Shi ma wanzamin garinsu ne."

Bai tsaya a kan ni da Inna ba. Ya zo gidana, ya zauna a zaure, ya sa aka kira matata, ya ba ta labarin Dala da bakinsa, bai rage komai ba, har da cewa hannunsa ne ya yi. Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Baba, ka duba kayan nasa. In ka yarda, na yarda."

Ranar da muka je ya sa rigarsa ta Juma'a, ya rataya zabira. Ni ne tafinta, da guntun Turancina. Likitan dogo ne, hancinsa ya ƙone da rana, akwai sista Baturiya tare da shi da wata ma'aikaciya 'yar ƙasa. Kafin a ce komai Kawu ya ce in gaya masa ba mai taɓa yarinyar nan sai ya ga abin da za a taɓa ta da shi. Na zaci za a kore mu. Sai likitan ya yi dariya, ya sa aka kawo faranti. Kawu ma ya kwance zabirarsa ya baje a kan tebur, kamar masu musayar kaya a kasuwa. Likita ya ɗauki ƙaho yana jujjuyawa, Kawu ya kafa masa shi a dantse ya zuƙa, fata ta taso, sista ta rufe baki tana dariya.

Abin da ke cikin farantin ba shi da yawa: wani bututun ƙarfe siriri kamar karan alƙalami, da igiyar roba, da abin matsa iska, da wani agogo mai allura ɗaya. Likita ya yi bayani ina juyawa. Ya ce mace na da hanyoyi biyu ƙanana, sirara kamar zare, masu sauka cikin mahaifa, ta nan haihuwa ke bi. Wani lokaci tsohon ciwo kan manne su. Zai sa bututun ta hanyar da Allah ya riga ya buɗe, ya tura iska a hankali. In iska ta wuce, allurar agogo za ta faɗi, kuma in ta tashi zaune kafaɗarta za ta yi ciwo. Ya ce wani lokaci iskar da kanta kan ɓamɓare abin da ya manne, wani lokaci ba ta iyawa, shi ba zai yi alkawari ba.

Kawu ya ɗauki bututun. Ya bi shi da babban yatsa tun daga gindi har baki, yadda yake gwada aska, ya sake bi. Ya ɗago ya dube ni.

"Ba kaifi," in ji shi. "Malam Wasiƙa, abin nan ba shi da kaifi. Mu zuƙa muke yi, su busawa suke."

Sai likita ya juyo kaina, ya tambaya ko na taɓa yin ciwon sanyi ina saurayi. Ban fassara ba. Kawu ya ce, "Me ya ce?" Ni ne tafinta, ba mai jin harsunan biyu a ɗakin sai ni da ma'aikaciyar nan, ita kuwa ta fita ɗauko ruwa. Da na so da na sauya maganar. Na dubi matata, na tuna tabarmar Dala, na faɗi tambayar yadda take. Kawu ya amsa a madadina: "Ya yi. Ni na ba shi saiwa." Likita ya ce mai yiwuwa ne ni na kai mata ciwon da ya toshe ta. Wannan ma na juya shi da bakina, a gabanta. Shekara tara ana nuna ta da baki a gidan biki, ni ina yawo da hula a karkace. In kun ga ba na yawan dariya, daga ranar ne.

Matata ta tashi ta bi sista.

Karon farko allura ba ta faɗi ba. Aka ba mu ƙwayoyi mu biyu, aka ce mu dawo bayan wata. Innata ta yi ta habaici, ni ma na fara cewa an dai kunyata ni a banza. Kawu ya ce, "Ta shiga da ƙafarta ta fito da ƙafarta, tabarmarta a bushe. Wannan kaɗai bai ishe ka godiya ba?"

Karo na biyu muna zaune a baranda ni da shi, sai muka ji ta daga ciki: "Wayyo kafaɗata!" Tsohon nan ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya bar ni a nan, ya bi ta Hausari yana gaya wa duk wanda ya tare shi, "Kafaɗarta ta yi ciwo, alhamdu lillahi!" Masu shago suka ce wanzami ya taɓu.

Ba nan da nan abin ya zo ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, na koma ɗacin raina. Sai wata safiya ta ƙi kunun gyaɗa, ta ce warinsa na tayar mata da zuciya. An haifi 'yarmu ana girbin gero.

Ranar suna shi ya yi mata aski. Da ya gama, tsofaffi suka ce saura a cire mata angurya, wato a ɗan yanke mata a gaba tun tana jaririya, wai don kada gishiri ya kama ta in ta girma. Ya naɗe zabirarsa ya ɗaure, ya ce, "Gashi na aske, shi zai sake tsirowa. Abin da ba ya tsirowa ba na taɓa shi." Wata ta ce a kira wani wanzamin. Innata, wadda ba ta taɓa bin bayansa a kan komai ba, ta karɓi jaririyar ta rungume ta ce, "Wanda ya isa ya zo ya karɓe ta a hannuna."

Daga nan aka fara guje masa. Wanzamai 'yan uwansa suka ce ya zubar musu da mutunci, magidanta suka kai kawunansu wani wuri. Shi kuwa duk macen da aka kawo masa a kan gishiri, sai ya sa rigar Juma'a ya raka ta asibiti. Wasu sun samu, wasu ba su samu ba, na ce ba zan yi ƙarya ba. Amma ba wadda ta koma gida tana yoyo.

Bayan sadakar uku aka ba babban ɗansa zabira, shi ne magajin sana'ar. Ya same ni a bakin gidan waya, ya tsuguna kusa da teburina.

"Yaya, kube ɗaya a zabirar babu komai a ciki. Doguwar wuƙar nan ta gishiri. Tun jiya mutum biyu suka yi mini magana a kan matansu, sun ce yanzu da Baba ba ya nan sai a koma yadda aka saba. Ka san inda take?"

Na ce, "Na sani. Ka zo ranar Litinin ka karɓa da hannunka."

Ranar Litinin matata ta riga ni tashi, ta haɗa sabulu da gero, ta wanke tsummoki, ta ce ita ma za ta, da 'yarmu. Jakin Kawu ya san hanya, shi ya ja mu. Ɗan Kawu na ɗora masa ɗaurin itace mafi nauyi a ka, da gangan.

Mun sami tsohuwar inda take, tana yanka kuɓewa. 'Yata ba ta san ana toshe hanci ba, ta tafi kai tsaye ta zauna kusa da ita tana tsince kawunan kuɓewar. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi matata, ta ce, "Ita ce ta iska?" Matata ta ce, "Ita ce, Inna." Sannan tsohuwar ta juya kan ɗan Kawu, wanda ke tsaye da itace a ka, idonsa a kan tabarma. Kamar ubansa yake sak, ba sai an gaya mata ba. Ta ba shi labarin yadda ta ba ni, ba ta rage ba. Da ta gama ta goge wuƙar a zanenta, ta miƙa masa ta ƙota.

"Wuƙar ubanka ka zo karɓa? Ga ta."

Ya dubi wuƙar, bai karɓa ba. Sannan ya sauke kayan a inuwa, daidai inda ubansa ke jerawa.

Ya ce, "A'a, Inna. Itace na kawo. Ina randar take?"

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka masa makwancinsa. Wadda ya cuta ta yafe masa a gaban jama'a, saura Kai, ya Ubangiji, kuma Ka fi ta sauƙin yafiya.